Dodon koɗin tsofaffin tabkuna

Dodon koɗi ba baƙo ba ne a gare ku. Kuna ganinsa a bakin tabki da gulbi, manne da ganyen bado ko da tushen ciyawa, kuma in ruwa ya janye da rani sai ku tarar da katantanwa, wato gidan da yake ɗauke da shi a bayansa, warwatse bisa busasshiyar laka. Wanda ya lura zai ga cewa na tabkin Madarunfa da na Gidimuni da na bakin kogin Isa kusan duk ɗaya ne. Galibi ɓawonsu ba shi da kauri, yana da santsi, launinsa ƙasa-ƙasa, ƙanana daga cikinsu ma in kun matsa su da yatsu biyu sai su fashe. Haka abin yake a mafi yawan ruwan daɗi na duniya, wato ruwan da ba na gishiri ba.

Amma akwai wasu tabkuna ƙalilan da suka saɓa wa wannan. A cikinsu ana samun dodon koɗi mai ƙayoyi, da mai ɓawo mai tauri kamar wuri, da mai zane-zane kamar an sassaƙa shi, iri hamsin ko sittin ko fiye da ɗari a tabki guda, kuma mafi yawansu babu su ko'ina cikin duniya sai a nan. Masana sun shafe fiye da shekara 150 suna neman dalili. Abin da suka gano shi ne za ku karanta a nan, kuma zai nuna muku abin da ya sa tabkin Cadi, duk da girmansa da sunansa, bai shiga wannan sahu ba.

Mine ne tsohon tabki?

Tabki ba abu ne mai daɗewa ba. Kowace damina ruwa yana kwaso yashi da laka yana zubawa a cikinsa, ciyawa tana ci daga gefe, har wata rana ya cike ya koma fadama. Ku da kuke yashe rijiya kun san wannan aiki na ƙasa. Shi ya sa mafi yawan tabkunan duniya ba su kai shekara dubu 20 ba. Waɗanda suka haura shekara miliyan guda da ruwa a cikinsu kimanin 20 ne kacal, kuma su ne masana ke kira tsofaffin tabkuna.

Abin da ya raya su shi ne wurin da suke zaune. Yawancinsu suna cikin tsagar ƙasa ne, inda doron ƙasa ke darewa sannu a hankali, gindin tsagar yana ƙara nutsewa. Laka tana zuba daga sama, ƙasa tana sauka daga ƙasa, don haka ramin ba ya cikewa.

Babbansu shi ne tabkin Baikal na yankin Saberiya a ƙasar Rasha. Shekarunsa sun kai miliyan 25, zurfinsa mitir 1642. Sai Tanganika na gabashin Afirka, wanda ƙasashe huɗu suka kewaye: Tanzaniya, Kwango, Burundi da Zambiya. Shekarunsa miliyan 9 zuwa 12, tsawonsa kimanin kilomitir 670, wato kusan nisan Yamai zuwa Maraɗi a hanyar mota, zurfinsa kuwa mitir 1470. In kuna da rijiya mai zurfin mitir 30, sai kun ɗora irinta kusan 50 bisa juna kafin guga ya taɓa gindin Tanganika. Akwai kuma tabkin Malawi, da Ohirid tsakanin Albaniya da Makedoniya ta Arewa a Turai, da tabkunan tsibirin Sulawesi a Indunusiya, da Biwa a Japan, da Titikaka a kan duwatsun Amurka ta Kudu.

A wani ƙidayar da masana suka buga a shekara ta 2008, an lissafa dodon koɗi kusan iri 150 a Baikal, fiye da 110 daga ciki nasa ne shi kaɗai. A Tanganika fiye da iri 80, kimanin 65 nasa ne. A Ohirid, wanda ƙaramin tabki ne in an gwada shi da waɗancan, iri 72, fiye da 50 nasa ne. Lissafin yana ɗan canzawa, domin har yanzu ana gano sababbi.

Kacici-kacicin Tanganika

A shekara ta 1858 wasu Turawan Ingila biyu, Richard Burton da John Speke, suka isa bakin Tanganika. Mutanen wurin sun daɗe da sanin tabkinsu, amma a Turai ba a taɓa ganin abin da ke cikinsa ba. Speke ya tsinci katantanwa kaɗan ya koma da su gida. Da masana suka duba sai suka yi mamaki, domin ba su yi kama da na ruwan daɗi ba ko kaɗan. Kauri da nauyi da zane duk irin na teku ne. Kun san wuri, kuɗin da kakanninmu suka yi ciniki da shi: daga teku yake fitowa, kuma kun san yadda yake da wuyar fasawa. To, irin wannan tauri aka gani ga dodon koɗin wani tabki da ke tsakiyar ƙasa, kimanin kilomitir 1000 daga tekun Indiya, kuma sama da ita da fiye da mitir 700.

Da aka ƙara kawo wasu, mamaki ya ƙaru. Akwai wanda aka sa wa suna Tiphobia horei, mai dogayen ƙayoyi kewaye da kafaɗarsa, yana zaune bisa taɓo a wuri mai zurfi. Akwai Spekia, wanda aka raɗa wa sunan Speke, gajere mai santsi, yana manne da duwatsun da igiyar ruwa ke duka dare da rana. Akwai dangin Lavigeria masu ƙuraje-ƙuraje da layuka a jiki. Kada waɗannan sunaye su ba ku tsoro. Na Latin ne, masana ke amfani da su domin Bajamushe da Bajapane da Bahaushe su san abu guda suke nufi, ba sai kun haddace su ba.

Bayan haka sai aka ga wata halitta a tabkin, mai jiki garai-garai kamar ruwa, mai siffar ƴar lema, wadda a lokacin an fi saninta a teku. Wani masani ɗan Ingila, J. E. S. Moore, ya je tabkin sau biyu a ƙarshen ƙarni na 19, kuma a shekara ta 1903 ya buga littafi yana cewa Tanganika ragowar wata tsohuwar teku ce. A ganinsa teku ta taɓa shiga tsakiyar Afirka fiye da shekara miliyan 140 da suka wuce, ta janye ta bar ruwanta da halittunta a wannan rami, gishiri ya wanke, su kuwa suka saura.

Magana ce mai daɗin ji, kuma a ganina ba a kyauta wa Moore ba in aka yi masa dariya, domin abin da ido ya nuna masa ya faɗa. Sai dai ba ta tsaya ba. Masu ilimin duwatsu ba su sami alamar teku a yankin ba. Halittar nan mai kamar lema an same ta a tabkin Biktoriya da kogin Isa da sauran ruwan daɗi na Afirka. Da aka feɗe dodon koɗin aka duba cikinsa, sai aka ga danginsa na koguna ne. Wani ɗan Ingila, W. A. Cunnington, wanda ya yi bincike a tabkin a 1904 da 1905, yana cikin waɗanda suka rushe maganar. Kamar teku a ɓawo ta tsaya.

To, mi ya kawo kamar? Amsa mafi ƙarfi ita ce ƙaguwa. A Tanganika akwai ƙaguwa mai suna Platythelphusa armata, wadda ita ma babu ta ko'ina sai nan. Hannunta kamar awartakin maƙeri yake, da shi take murƙushe katantanwa ta cinye mai gidan. A shekara ta 1991 Kelly West da Andrew Cohen da abokin aikinsu suka buga sakamakon gwajin da suka yi: sun haɗa ƙaguwa da dodon koɗi iri-iri, suka ga manya da masu kauri da masu zane sun fi tsira. Sun kuma ga cewa katantanwa da yawa a tabkin suna ɗauke da tabo, wato wurin da ƙaguwa ta taɓa fasawa amma mai gidan ya kuɓuta ya like ɓaraka. A teku ma ƙaguwa da kifi masu fasa ɓawo suna da yawa. Maƙiyi iri ɗaya ne ya sa garkuwa ta zo iri ɗaya. Ruwan Tanganika kuma yana da wadatar sinadarin da ake gina ɓawo da shi, irin wanda ke cikin ƙashi da ɓawon ƙwai.

Yaya iri ɗaya ke zama iri da yawa?

Da farko ku riƙe ma'anar kalmar iri a bakin masana. Halittu suna iri ɗaya in suna barbara a tsakaninsu su haifi ƴaƴan da su ma za su haihu. Balami da uda duk tumaki ne, iri ɗaya. Doki da jaki kuwa iri biyu ne: suna iya haifar alfadari, amma alfadari ba ya haihuwa.

Na biyu, ku tuna abin da manomi ke yi bayan girbi. Yana ware zangarniyar hatsi mafi cika, ko wadda ta riga sauran nuna, ya ajiye ta domin shukar baɗi. In aka yi haka shekara da shekaru, hatsin gari yana canzawa, har a san shi da sunansa. A cikin tabki babu manomi, amma akwai abin da ke yin aikinsa. Ƴaƴan dodon koɗi ba sa fitowa daidai da juna: wani ya ɗan fi kauri, wani ya ɗan fi tsawo. Wanda ƙaguwa ta kasa fasawa shi ne zai rayu ya haihu, ƴaƴansa su gaji kaurinsa. Bambancin shekara guda ido ba ya ganinsa, amma na shekara miliyan guda wani abu ne dabam. Wannan shi ne bayanin da Charles Darwin ya fito da shi a shekara ta 1859, kuma shi ake nufi in an ce halittu suna sauyawa.

Sai dai sauyawa kaɗai ba ta raba iri gida biyu. Sai an sami rabuwa, kuma a nan ne nawar dodon koɗi ta zama abin lura. Gaɓar Tanganika ba iri ɗaya ba ce: nan duwatsu, can rairayi mai tsawo, gaba bakin kogi mai laka, sannan duwatsu kuma. Ga dodon koɗin da ya saba da dutse, rairayin kilomitir 10 Sahara ce. Na teku da yawa suna zuba ƙwai a ruwa, ƴaƴan su yi ta yawo da igiyar ruwa har su sauka nesa. Na tsofaffin tabkuna ba sa haka. Wasu suna manna ƙwansu a dutse, wasu kuwa, kamar Lavigeria da Tiphobia, uwa ce ke riƙe ƴaƴa a cikin jikinta har su yi ɓawo, su fito suna rarrafe a gefenta. Inda kaka ta zauna, nan jika zai mutu. Da haka jama'ar wannan tsauni da ta wancan suke daina haɗuwa, kowace ta bi hanyarta, har ranar da ko sun haɗu ba za su yi barbara ba. Kun san yadda Hausar Adar ta bambanta da ta Damagaram saboda nisa, alhali mutane suna da ƙafa da raƙumi da mota. Ina ga wanda tafiyar yininsa ba ta wuce ƴan taku ba?

Ruwan tabkin ma ba ya tsayawa wuri guda. A zamunan fari yakan sauka da mitir ɗaruruwa, a zamunan ruwa ya hau. Kowane hawa da sauka yana raba waɗanda ke haɗe, ya haɗa waɗanda ke rabe.

Sai batun abinci. Dodon koɗi yana da harshe mai ƙananan haƙora jere-jere kamar magagari, da shi yake kankare gansakuka. Mafi kyawun misali a nan daga Sulawesi yake. A tabkin Poso da tabkunan Matano da Towuti akwai dangin Tylomelania, iri gommai. Thomas von Rintelen da abokan aikinsa sun nuna a shekara ta 2004 cewa haƙoran mai cin abinci bisa dutse dabam suke da na mai ci bisa icen da ya nutse, dabam kuma da na mai ci a laka. Kowa da tasa kasuwa, shi ya sa iri da yawa ke zama wuri guda ba tare da ɗaya ya kori sauran ba. Sun kuma gano cewa sau huɗu dabam-dabam dodon koɗin kogi ya shiga waɗannan tabkuna, kuma ɓawo ya yi kauri a inda ya tarar da ƙaguwa mai fasawa. Tsakanin Sulawesi da Tanganika akwai teku guda cur, amma labarin ya maimaita kansa.

Akwai wani abu da binciken ƙwayoyin gado ya ƙara, wato abin da ƴaƴa ke gada daga iyaye a cikin jiki, wanda da shi ake auna kusancin dangi. A shekara ta 2004 Anthony Wilson da Matthias Glaubrecht da Axel Meyer suka nuna cewa manyan zuriyoyin dodon koɗin Tanganika sun girmi tabkin kansa. Kakanninsu sun rabu tun suna cikin kogunan da suka riga shi. Da tabkin ya samu suka shiga, danginsu na waje da yawa suka ƙare, su kuwa suka saura suka yi rassa. Ke nan tsohon tabki aiki biyu yake yi: gona ce da sabon iri ke tsirowa, kuma rumbu ne da tsohon iri ke tsira.

Shaidar da ke cikin ƙasa

Mai shakka yana iya cewa ai babu wanda ya zauna shekara miliyan yana kallo. Gaskiya ne, amma laka tana ajiye tarihi. A garin Steinheim na ƙasar Jamus, wani dutse daga sararin sama ya faɗo kimanin shekara miliyan 15 da suka wuce, ya haƙa rami mai faɗin kusan kilomitir 4, ruwa ya cika shi. Tabkin ya daɗe da ƙafewa, amma lakarsa tana nan hawa-hawa kamar shafukan littafi, cike da ƙananan katantanwa. Franz Hilgendorf ya bi su daga hawan ƙasa zuwa na sama, ya ga yadda shimfiɗaɗɗiya kamar faifai ta riƙa tashi har ta yi tsini, daga baya ta sake kwantawa, wasu kuma suka yi reshe. A shekara ta 1867 aka buga zanensa mai kamar itace da rassa, kuma ana lissafa shi a matsayin na farko da aka zana asalin halittu daga abin da aka tono a ƙasa.

A Ohirid kuwa, a shekara ta 2013 masana suka huda gindin tabkin suka zaro laka mai tsawon fiye da mitir 500. Daga ita suka gane cewa tabkin ya yi shekara miliyan 1 da dubu 360 bai taɓa ƙafewa ba. Dodon koɗinsa ƙanana ne, da yawa ba su fi ƙwayar dawa ba, wasu kuma duk duniyarsu maɓuɓɓuga guda ce a gefen tabki. Na Baikal sun bi wata hanya: ruwan yana da sanyi ƙwarai, sinadarin ɓawo ya yi ƙaranci, don haka da yawa ɓawonsu ba shi da kauri, har akwai wanda murɗinsa ya warware kamar an ja shi.

Don mi tabkin Cadi bai shiga sahu ba?

Kwarin da tabkin Cadi ke ciki tsoho ne ƙwarai, shekarunsa miliyoyi. Ruwan ne ba ya zama. Kimanin shekara dubu 20 da suka wuce ya ƙafe, tuddan rairayi suka rufe wurin. Kimanin shekara dubu 7 da suka wuce ya cika ya batse har ya kai faɗin kilomitir murabba'i dubu 350, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na faɗin Nijar. A wancan zamani Tenere ma tana da tabkuna, kuma har yau ana tsintar katantanwa a cikin hamada inda suka kwanta. A shekarun 1960 faɗin tabkin Cadi kimanin dubu 25 ne. Farin shekarun 1970 da 1980 ya rage shi zuwa kashi ɗaya bisa goma ko ƙasa da haka, ɓangaren arewa da ke wajen Ngigmi ya bushe, daga baya ruwa ya ɗan dawo. Zurfinsa kuwa ƴan mitoci ne.

A irin wannan wuri, mai jiran shekara miliyan domin ya ƙware a kan dutse guda ba zai kai labari ba. Wanda ke cin riba shi ne mai saurin haihuwa, mai jure fari, mai sauƙin ƙaura. Dangin Bulinus suna shigewa cikin laka in tabki ya bushe, su yi watanni suna jiran damina, kuma guda ɗaya yana iya haihuwa ba tare da abokin barbara ba. Melanoides tuberculata mace tana haihuwar ƴaƴa ba namiji. Ƙaura kuwa tsuntsaye ke yi musu: Darwin ya taɓa rataya ƙafafun agwagwa a cikin ruwan da dodon koɗi ke ƙyanƙyashewa, ƴaƴan suka manne, kuma suka rayu awa 12 zuwa 20 a waje cikin iska mai laima, lokacin da ya ishi tsuntsu ya ƙetare ƙasa guda. Shi ya sa masanin nan na Faransa Christian Lévêque, da ya yi nazarin tabkin Cadi a shekarun 1960 da 1970, ya tarar waɗanda suka fi yawa a gindinsa ire-ire ne kaɗan da aka sani a sassa da yawa na Afirka.

Ko manyan tabkunan gabashin Afirka ba su tsira daga wannan ba. Biktoriya ya ƙafe ƙaf, bai sake cika ba sai kimanin shekara dubu 15 da suka wuce. Malawi yana da zurfin mitir 700, amma tsakanin shekara dubu 135 da dubu 75 da suka wuce fari ya cinye mafi yawan ruwansa. Dukansu biyu suna da dodon koɗi nasu na kansu, sai dai ba su kai rabin na Tanganika ba, wanda zurfinsa ya hana shi ƙafewa. Tsufan rami bai isa ba, sai ruwan ya zauna bai yanke ba.

Tsargiya, da abin da ya faru a Malawi

Wajibi ne a faɗi wannan, domin da yawa daga cikinku sun san dodon koɗi ne ta hanyar tsargiya. Ba kowane dodon koɗi ke ɗaukar ta ba. A Afirka dangi biyu ne: Bulinus, mai ɗaukar ta fitsarin jini, da Biomphalaria, mai ɗaukar ta hanji. Mai ciwo ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa, ƙwan tsutsa ya ƙyanƙyashe, ƴar tsutsar ta shiga jikin dodon koɗi ta hayayyafa, bayan ƴan makonni dubbai su fito su huda fatar mai wanka ko mai wanki ko mai aikin shinkafa. Maganinta praziquantel ne, kuma tun shekara ta 2004 Nijar ta fara rabon shi ga jama'a, musamman yara ƴan makaranta. Masu ƙayoyin nan na Tanganika ba su da hannu a ciki.

A tabkin Malawi akwai wani Bulinus nyassanus, wanda babu shi ko'ina sai can, yana zaune cikin rairayin gindin ruwa. Kafin shekarun 1980 ana ɗaukar buɗaɗɗiyar gaɓar tabkin a matsayin wurin da babu tsargiya, sai dai a ƙoramu da kududdufai. Akwai kifaye masu cin dodon koɗi, babbansu Trematocranus placodon, da ke hana shi yawa. Da kamun kifi ya tsananta a kudancin tabkin, da taru mai ƙananan idanu da ake ja daga gaɓa yana kwashe har ƴaƴan kifi, sai waɗannan kifaye suka ragu, dodon koɗin ya yawaita. Tsargiya ta ƙaru a ƙauyukan yankin Cape Maclear, kuma a shekara ta 2001 Henry Madsen da abokan aikinsa suka tabbatar cewa Bulinus nyassanus yana ɗaukar ta. Masuntan ba mugunta suka yi ba, abinci suke nema, amma yaransu ne suka fara fitsarin jini.

A Tanganika kuwa dodon koɗin ne ke cikin hatsari. Duk zurfin nan da kuka ji, iskar numfashi ba ta wuce mitir 100 zuwa 200 na sama ba, don haka halittun gindin ruwa a wani siririn zobe kewaye da gaɓa suke zaune. Saran itatuwa a kan tuddai yana sa ruwan sama ya kwaso laka ya rufe duwatsun da suke kiwo a kai. Ɗumamar yanayi kuma tana hana ruwan sama gauraya da na ƙasa: binciken da Andrew Cohen ya jagoranta, wanda aka buga a 2016, ya nuna cewa a wuraren da suka auna, gindin da iska ke kaiwa ya ragu da kashi 38 bisa ɗari tun daga 1946. A tabkin Matano na Sulawesi, wani kifin ado da mutane suka saka yana cin halittun wurin.

Asarar ba ta tsaya ga dodon koɗi ba. Akwai babba guda a Tanganika mai suna Neothauma, wanda in ya mutu katantanwarsa ba ta narkewa, tana iya ɗaruruwan shekaru a gindin ruwa, har ta taru ta yi fili mai faɗi. Kifaye ƙanana iri da yawa ba su da gida sai ita: a ciki suke ɓuya, a ciki suke zuba ƙwai. Namijin wani daga cikinsu, Lamprologus callipterus, yana ɗaukar katantanwa da baki ɗaya bayan ɗaya ya tara tsibi, har yakan sato na maƙwabcinsa. Shi ya fi ƙarfin shiga saboda girmansa, ya ninka mace fiye da sau goma a nauyi. Matan ne ke shiga, kowace da tata, su zauna a ciki suna tsaron ƙwai har ƴaƴa su fito.